Gaskiyar Kwana Goman da Na Yi a Abuja

Ni ɗan aji biyu ne na ƙaramar sakandare, shekarata 13, kuma wannan ne karo na farko da rubutuna zai hau wannan allo. Ranar da Malam mai kula da ƙungiyar 'yan jarida ya ce kowa ya rubuto abin da ya gani a dogon hutu, 'yan ajinmu duk sai suka juyo suna kallona, don sun san labarin da na dawo da shi. Tun makon farko na gaya musu cewa na yi karatun hutu a wata makarantar kuɗi a Abuja, wadda ake koyarwa da Faransanci da Turanci. To, ban yi karatu a can ba. Na je makarantar, wannan gaskiya ne, har kwana goma ina zuwa, amma a kan benci nake zama a ɗakin direbobi da ke kusa da ƙofar shiga. Ga yadda abin ya faru, kuma in kun karanta har ƙarshe za ku ga dalilin da ya sa dole in faɗa kafin ranar Laraba.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, uwa ɗaya uba ɗaya. Bai yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na firamare ya tsaya. Ya yi shekaru yana jan motar haya daga nan Katsina zuwa Maraɗi, ta Jibiya da Ɗan Isa. A wannan hanya ya koyi Faransanci, a bakin jandarmomi da ma'aikatan duwan da fasinjoji. Ba ya iya rubuta shi sosai, amma in yana magana sai ka rantse a can aka haife shi. Wannan Faransancin ne ya samo masa aiki a Abuja, domin makarantar tana neman direban bas wanda zai iya magana da yaran da ba sa jin Turanci. Da hutu ya zo, ya roƙi Inna ta bar ni in je in ga gari. Na yi murna har na kasa barci.

Kawu a Mararaba yake zaune, a ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida. Makonnin farko ina gida tare da matarsa. Sai a ƙarshen watan Agusta ta tafi gidansu haihuwa, makarantar su Kawu kuma ta koma a farkon Satumba, alhali tamu da sauran mako biyu. Ba wanda zai bar ni a wurinsa, don haka ya nemi izinin shugaban ma'aikata in riƙa zama a ɗakin direbobi har ya tashi daga aiki. Aka yarda, da sharaɗin ba zan shiga bas ɗin ɗalibai ba, ba kuma zan yi yawo a cikin makaranta ba. Kullum muna idar da sallar asuba muke fita, saboda cunkoson motoci na Nyanya, wanda in ya kama ka sai rana ta take kana wuri ɗaya.

Ranar farko da na ga makarantar na ɗauka otal ne. Katanga doguwa, furanni a jere, filin ƙwallo mai ciyawa kore shar kamar an shimfiɗa darduma. A ƙofa akwai allo da aka rubuta maraba da harsuna biyu. Kowane yaro yana da kati a wuya, kuma ba a sakin yaro ga kowa sai wanda sunansa ke cikin takardar masu ɗauka. Na zauna a benci ina ƙirga motocin da ke sauke yara. Wasu lambarsu daban ce, Kawu ya ce na ofisoshin jakadanci ne. Ya ce yawancin iyayen yaran ma'aikatan jakadanci ne, ko na ƙungiyar ECOWAS da hedkwatarta ke Abuja, ko 'yan kasuwa, akwai kuma 'yan Najeriya masu hali da ke son 'ya'yansu su tashi da harshe biyu. Na tambaye shi nawa ake biya. Ya yi dariya ya ce, "Kuɗin zango ɗaya na yaro ɗaya ya fi albashina na shekara. Ci ƙosanka."

A rana ta uku wata mata mai kula da ɗakin karatu, mutuniyar Kwatano, ta wuce ta gan ni ina karanta tsohuwar jaridar da aka naɗo ƙosai a ciki. Ta tsaya ta yi magana da Kawu da Faransanci, ta tafi, can ta dawo ta ce an yarda in zauna a ɗakin karatu lokacin da ɗalibai ke aji. Allah ya saka mata da alheri. A hanyar zuwa ɗakin nakan bi ta gaban azuzuwa, ina tafiya a hankali don in leƙa ta taga. Na ƙirga yaran wani aji, su 18 ne, kowa da teburinsa. Mu a ajinmu mu 83 ne, mu huɗu a benci, wanda ya makara kuma sai ƙasa. Akwai na'urar sanyaya ɗaki, akwai farin allo da ake haska hoto a kansa daga kwamfuta. Ban ga bulala a hannun kowane malami ba. Malaman kuwa wasu daga Faransa suke, wasu daga Benin da Togo da Kamaru, wasu 'yan Najeriya.

Ɗakin karatun ya fi ajinmu girma. Littattafan Faransanci a gefe ɗaya, na Turanci a ɗaya gefen. Na zagaya kanta bayan kanta ina neman ko da littafi ɗaya na Hausa, ban samu ba. Matar ta ba ni wani ƙamus na yara mai hotuna, ta kuma ba ni kyautar littafin rubutu sabo, irin nasu mai ƙananan layuka da yawa a tsakanin manya, wanda ke sa rubutun yaro ya daidaita. Wannan littafin ne na nuna muku a aji na ce shi ne shaidar na yi karatu a can. Kalmomin da ke ciki daga ƙamus na kwafe su, ba wanda ya koya mini.

A can na yi aboki. Ba zan sa sunansa a bango ba, don ban nemi izininsa ba. Direban gidansu kullum yana makara, don haka bayan an tashi yakan zauna a rumfar jira da ke jikin ɗakin direbobi. Sa'ana ne. Da Turanci muke hira, nawa yana ɗingishi, nasa yana gudu. Na tambaye shi ajinsa, ya ce katiriyam, wato na huɗu. Na ce ashe ya girme ni a karatu. Ya ce a'a, a tsarin Faransa ƙirgen baya ake yi: in ka gama firamare sai ka shiga aji na shida, siziyam, daga nan na biyar, na huɗu, na uku. A ƙarshen na uku ake jarrabawar burebe, mai kama da wadda za mu yi a ƙarshen aji uku. Daga nan sai shekara uku kuma, a yi babbar jarrabawar da suke kira bakaloriya, wadda da ita ake shiga jami'a. Wata rana ya fito yana murna ya ce ya ci 15 a lissafi. Na tausaya masa, har na fara ba shi haƙuri, na ce ni ma na taɓa cin 31 Baba bai dake ni ba. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ashe su a kan 20 ake ba da maki.

Ya bayyana mini yadda ake raba musu darussa. Lissafi da tarihi da Faransanci ake yi, kimiyya da wasu darussan da Turanci, kuma malamin Faransanci ba ya amsa maka in ka yi masa Turanci, haka shi ma na Turancin. Ya ce yaron da ya zo ba ya jin ɗaya daga ciki, ana ware shi a ƙaramin aji na wasu watanni har kunnensa ya buɗe. Na lura in suna wasa su kansu ba sa sanin lokacin da suke tsallakawa daga wannan harshe zuwa wancan, kamar yadda mu muke cakuɗa Hausa da Turanci a filin ƙwallo.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne da ya ce mahaifinsa mutumin Damagaram ne. Na ce, "Ashe kai Bahaushe ne!" Na juya harshe na yi masa Hausa, sai ya tsaya yana kallona. Daga "sannu" da "lafiya lau" da "na gode" ba ya jin komai. Mahaifiyarsa 'yar Kamaru ce, a gida Faransanci suke yi. An haife shi a Yamai, ya yi firamare a Dakar, yanzu ga shi a Abuja, duk inda aikin mahaifinsa ya kai su. Ya ce wannan ce makarantarsa ta uku, kuma ya daina ƙoƙarin yin aboki na ƙwarai, don da ya saba da mutum sai a tashi. Bai taɓa tafiya makaranta da ƙafa ba, bai taɓa zuwa kasuwa shi kaɗai ba. Na ba shi labarin hawan sallah a Ƙofar Soro, da hasumiyar Gobarau, da yadda muke cin fura a kasuwa, ya riƙa tambaya kamar mai jin tatsuniya. Ni kuma ina kallon takalminsa da agogonsa.

Tun ranar farko ya tambaye ni me nake yi a nan. Kunya ta kama ni, na ce Babana yana shirya mini shiga makarantar ne, ana jiran gurbi. Ƙarya kuwa in ka yi ɗaya sai ta nemi 'yar'uwa. Ranar Litinin ta mako na biyu, an tashi, yara suna shiga bas, muna tsaye da shi da wasu 'yan ajinsu biyu. Sai ga Kawu cikin rigar aikinsa mai ruwan toka, ya miƙo mini ruwan leda da naira 500, ya ce, "Ka sayi abinci, ka jira ni nan, kada ka je ko'ina." Ya juya. Ɗaya daga cikin yaran ya tambaye ni wane ne wannan. Na ji bakina ya ce da Turanci, "Tsohon direban Babana ne, shi aka ce ya riƙa kula da ni."

Kawu bai fi taku huɗu da ni ba. Na ga ya ɗan tsaya, kamar wanda ya taka ƙaya, sannan ya ci gaba da tafiya ya shiga bas. Na manta cewa mutumin da ya koyi Faransanci a tasha, Turanci ma ba zai gagare shi ba.

Da yamma ya dawo, bai ce komai ba. Muka hau mota zuwa Mararaba, ya biya kuɗinmu, bai ce komai ba. Da muka iso ya riga ni sauka, ya riƙe mini ƙofar mota, ya ɗan rusuna ya ce, "Yallaɓai, mun iso." Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ya saya mini tsire kamar yadda ya saba, na kasa ci. Ya shimfiɗa mini katifa shi ya kwanta a tabarma kamar kullum, sai a daren nan na lura cewa tun zuwana a tabarma yake kwana. Na so in ba shi haƙuri, bakina ya yi nauyi. Talata ta wuce, Laraba ta wuce, yana yi mini komai, amma ya daina kirana da sunan da yake kirana tun ina goye.

Ranar Alhamis aka yi abin da ya warware maganar. An tashi, sai ga motar gidan su abokina ta zo da wuri, abin da ba ta taɓa yi ba. Wata tsohuwa ta fito daga baya, da lulluɓi da carbi da sanda, ta nufo ƙofa kai tsaye. Mai gadin da ke aiki ranar mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa, direban ma haka. Ya tare ta yana neman kati, ita kuma tana cewa, "Ni jikana na zo gani, in ga lakwal ɗin da aka kai shi." Aka kira matar da ke kula da sallamar yara, ta zo tana yi mata Faransanci, tsohuwa ta ce ita ba ta yi lakwal ba. Murya ta fara tashi, iyaye suna kallo, abokina yana tsaye a bayan ƙofa kamar ya nutse.

Sai Kawu ya sauko daga bas. Ya zo ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya tambaye ta hanya, ya tambayi mutanen Damagaram. Fuskarta ta saki nan take. Ta ce an kawo ta Abuja ne ganin lokotoro saboda idonta, jiya ta sauka, jikan yana barci, da safe kuma ya fita tun ba ta idar da lazimi ba. Kawu ya miƙe ya juya ya bayyana wa matar da Faransanci, tiryan-tiryan, ba gargada. Matar ta buga wa mahaifin yaron waya, ya tabbatar, aka kawo wa tsohuwa kujera a rumfa, aka ce in yara sun ragu za a zaga da ita. Duk makarantar nan mai harshe biyu, da malamanta masu digiri, mutumin da ya tsaya a aji huɗu ne ya raba gardamar.

Yara suna jiransa a bas, don haka ya yafito ni ya ce, "Zo ka zauna da Hajiya, ka yi musu tafinta ita da jikanta." Tsohuwa ta dube ni da idonta mai hazo ta ce wa Kawu, "Wannan ɗanka ne?" Kawu ya yi shiru. Ya dube ni, sannan ya ce, "Tambaye shi, Hajiya."

Na ce, "Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. A wurinsa nake zaune." Ta ce, "Ai ga kama nan, har goshin." Kawu ya juya ya tafi bas. Amma ni na san ban gama ba, domin da Hausa na faɗa, kuma wanda na yi wa ƙaryar ba ya jin Hausa. Na juya wurin abokina na maimaita da Turanci, na ƙara da cewa ba gurbin da nake jira, makarantar gwamnati nake a Katsina, hutu na zo. Na jira ya yi dariya. Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ya sani tun makon jiya. Kawu ya gaya wa direbansu, ya gaya wa masu gadi, ya gaya wa matar ɗakin karatu, cewa ɗan yayarsa ne ya zo, wanda ya zo na uku a cikin yara fiye da 80. Ashe duk lokacin da nake ɓoye shi, shi yana yawo yana alfahari da ni.

Tafintar da na yi ranar ba zan manta da ita ba. Abu na farko da tsohuwa ta ce shi ne, "Gaya wa mijin nan nawa ya rame, ko cefane ba ya ba ni, zan kai shi ƙara." Na fassara kamar yadda ta faɗa, yaro ya zaro ido. Sai da na yi masa bayanin wasan jika da kaka, cewa shi ma yana iya ce mata ta tsufa zai sake ta ya auri yarinya. Ya yi jim, ya ce in gaya mata haka. Da na faɗa, ta yi dariya har ta share hawaye, ta ɗaga sanda tana yi masa barazana. Ta ce shekara uku rabonta da shi, in an ba shi waya daga "lafiya lau" sai ya yi shiru, har ta ɗauka ba ya son ta. Shi kuma ya ce in gaya mata ƴar jakar fatar da ta aiko masa tana nan a ɗakinsa, duk ƙasar da suka koma da ita yake tafiya. Ta gaya masa sunan kakansa ne aka sa masa, ta ba shi labarin yadda kakan yake fatauci tsakanin Damagaram da Kano. Wasu kalmomin ban san Turancinsu ba, sai in kwatanta da hannu. Mun fi rabin awa a haka. Kafin su tafi ya ciro littafinsa ya ce in rubuta masa yadda ake cewa "Kaka, ina kwana" da "Kaka, me kike so in kawo miki".

Daren nan na ba Kawu haƙuri, ina kuka. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ni ban ji haushi don ka ce ni direba ne ba, ai direban ne, da shi nake ci da shi nake sha. Abin da ya yi mini ciwo, ka cire ni daga dangi." Ya ce in share fuskata in ci abinci, ya kira ni da sunan nan nawa. Bai gaya wa Inna ba har yau. Ita ma a nan za ta ji, don na yi niyyar karanta mata wannan kafin a manna shi.

Yanzu za ku ce, wanda ya sha wannan ai ya warke. Ni ma haka na ɗauka. Amma ranar da muka dawo, kowa yana ba da labarin hutu, wani ya je Kano, wani ya je ƙauye, na fito da littafin nan mai layuka aka taru a kaina, aka ce a ina na samo shi. Na ce a makarantar da na je a Abuja. Wani ya ce, "Karatu ka yi a can?" Na ce e. Daɗin yadda ake kallona ya ɗebe ni. Na riƙa shigowa aji ina cewa "Bonjour", aka sa mini suna Ɗan Faransa, ni kuma ina amsawa.

Ga inda abin ya kai. Malamarmu ta Faransanci, mai yi wa ƙasa hidima, wadda ita kaɗai ke koyar da duk azuzuwan ƙaramar sakandare, ta ce za a yi gasar Faransanci tsakanin makarantun shiyyarmu, kowane aji ya ba da mutum ɗaya, ranar Laraba za ta miƙa sunaye. Ajinmu gaba ɗaya suka kira sunana, ta rubuta. Malama, ki yi haƙuri, ki goge shi. Abin da na iya bai wuce gaisuwa da ƙirga zuwa 20 da sunayen dabbobin da na kwafa daga ƙamus ba.

Akwai wanda ya cancanta, yana zaune a bencin ƙarshe kusa da taga. Kun san shi. Shi ne wanda iyayensa suka dawo daga Maraɗi bara, wanda ranar farko ya ce wa Malam "mushe", ya ce wa makaranta "lakwal", ya ce wa littafin rubutu "kaye", muka yi ta yi masa dariya har sunan Mushe ya bi shi. Ni ma ina cikin masu dariyar. Tun daga ranar ya daina magana a aji. Ya yi firamare shekara shida da Faransanci. Makon jiya ya karɓi littafina ya duba, ya nuna mini kurakurai bakwai a shafi ɗaya, a hankali yadda ba wanda zai ji, ya mayar mini bai tona ni ba. Da aka kira sunana don gasa, bai ɗaga kai ba. Na tambaye shi kafin in rubuta wannan, ya ce shi ba ruwansa, amma in Malama ta kira shi zai je.

Ba zan ce muku makarantarmu daidai take da waccan ba, don na gani da idona. Su yaro ɗaya littafi goma, mu littafin Faransanci ɗaya benci biyu ke rabawa, kuma in Malama ta gama hidimarta ba mu san ko za a turo wata ba. Har yanzu in na tuna ɗakin karatun nan sai in ji wani abu a ƙirjina. Malama ta gaya mana cewa tun 1996, zamanin Janar Sani Abacha, aka ce Faransanci ya zama harshen hukuma na biyu a Najeriya, kuma akwai ƙauyen koyon Faransanci a Badagry da aka kafa a 1991, inda ita ma ta yi zama lokacin tana jami'a. Ta nuna mana a taswira cewa Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, duk maƙwabtanmu na tudu, ana aiki da Faransanci a cikinsu. Mu da Jibiya ke bayan gidanmu, mun fi yaran Abuja kusa da masu jin harshen. Na kuma ji a rediyo cewa a 2025 Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama na aiki. Da na ji haka sai na tuna abokina, wanda ke da na aikin duka biyu, amma sai da aka nemo masa tafinta kafin ya yi wasa da kakarsa.

Ina da roƙo guda biyu. Na farko ga 'yan ajinmu: mu daina kiran yaron nan Mushe da sigar tsokana, ni ma ku daina ce mini Ɗan Faransa. Na biyu ga Malama da shugaban makaranta: in zai yiwu a ba mu aji ɗaya ranar Alhamis bayan an tashi, ko na rabin awa ne, shi ya riƙa koya mana magana, Malama tana gyara mana rubutu. Na san akwai irinsa a wasu azuzuwan da suke ɓoye abin da suka iya don gudun dariya. Kawu ya ce in ya zo sallah zai leƙo ya koya mana yadda ake ciniki da yadda ake tambayar hanya, in an ba shi izini. Littafina mai layuka saura shafi 40 ba a taɓa ba, zan kawo shi a rubuta sunayen masu so.

Wanda na yi wa ƙarya ya yafe mini. Na gode wa Malam da ya karanta wannan ya ce a manna shi yadda yake.

Daga ɗalibi ɗan aji biyu, ƙaramar sakandare.